Kaɗanya da Ɗorawa: Tarihin Itatuwa Biyu a Ƙasar Korbongou

Garin Korbongou yana gabas da Dapaong kaɗan, can ƙuryar arewacin Togo, kusa da iyakar Burkina Faso. Yawancin mutanen ƙasar Gurmawa ne da Moba, manoman gero da dawa. Akwai kuma Hausawa da Mosi da Fulani waɗanda kasuwa ko kiwo ya kawo su suka zauna. Wanda ya ratsa gonakin wannan ƙasa zai ga itatuwa tsaye jefi-jefi a tsakiyar shuka, sai ka ce wani ne ya jera su da gangan. Biyu daga cikinsu sun fi sauran yawa da daraja, wato kaɗanya da ɗorawa. Haka abin yake tun daga Dapaong har Sokode, haka kuma yake a kudancin Katsina da Zazzau da ƙasar Nupe.

Yawancin itatuwan nan ba shuka su aka yi ba. Da kansu suka tsiro, manomi kuwa ya bar su sa'ad da yake sassabe, ya sare sauran. Saboda haka tarihinsu tarihin mutane ne, gama kowace kaɗanya da ke tsaye a gona shaida ce cewa wani ya ɗaga gatari ya fasa sara. Ko da yake tare ake ganinsu, bukatunsu da amfaninsu sun sha bamban, kuma cikin shekaru ɗari da suka wuce hanyarsu ta rabu ƙwarai.

Abin da kowace take bukata

Dukansu biyu itatuwan ƙasar damina ɗaya ne. Sun fi jin daɗi inda ruwan sama yake tsakanin milimita 600 da 1,400 a shekara, da rani mai tsawo. Dapaong tana samun wajen milimita 1,000 daga Mayu zuwa Oktoba, Sokode kuwa ta fi ta ruwa, daminarta kuma ta fi tsawo. Wato ƙasar duka tana cikin yankin da ya dace da su. Ba su son fadama inda ruwa yake kwanciya, suna kuma son rana sosai.

Kaɗanya mai jimiri ce amma mai nawa. Ɓawonta yana da kauri, ya tsattsage gida-gida kamar bayan kada, shi ne yake kare ta daga wutar daji. Takan yi haƙuri da ƙasa mai tsakuwa da marmara. Idan ƙwararta ta faɗi ta tsiro, sai ta fara tura saiwa can ƙasa, ta yi shekaru tana nan 'yar ƙarama, ko wuta ta cinye kanta sai ta sāke tohowa. Ba ta fara 'ya'ya sai ta shekara 15 zuwa 20, ba ta kai ƙarfinta sai wajen shekara 40 ko 50, amma tana iya rayuwa shekara 200 ko fiye. Ƙwarar kuwa ba ta ajiyuwa domin iri. In ta yi 'yan makonni ta bushe, ba za ta tsiro ba. Dashe ma yana yi mata wuya saboda doguwar saiwar nan. Wannan ne ya sa mutanen dā ba su ɗauke ta abin shukawa ba.

Ɗorawa ta fi ta sauri, ta kuma fi ta son ƙasa mai zurfi da taushi. Dangin wake ce, 'ya'yanta cikin kwanso suke. Irinta, wato kalwa, yana da ɓawo mai tauri, yana iya shekara a ajiye bai mutu ba. Mai son shuka shi yakan jiƙa shi cikin ruwan zafi ko ya ɗan kankare ɓawon domin ya tsiro da wuri. Takan fara 'ya'ya tana shekara 8 zuwa 10, wani lokaci ma kafin haka. Amma tana ƙarama ba ta jure wuta kamar kaɗanya, awaki kuma suna son ganyenta. In ta girma takan kai mita 20, ta baza rassa, inuwarta ta rufe fili mai faɗi.

Furensu ma dabam ne. Da hunturu kaɗanya take zubar da ganye ta fitar da fure fari-fari mai ƙanshi, ƙudan zuma ne suke yi mata barbara, shi ya sa masu zuma sukan rataye amya a kanta. Ɗorawa kuwa takan fitar da tutu, jan curi mai reto a kan dogon sanda, wajen Fabrairu da Maris. Da dare tutun yake buɗewa yana ɗigar da ruwan zaƙi, jemagu su zo sha su kwashi garin fure daga wannan itace zuwa wancan. A Gana ne masana suka tabbatar da wannan aiki na jemage a 1957.

Akwai farashin da manomi yake biya domin barinsu a gona. Wani bincike da aka buga a 1992 daga Burkina Faso ya nuna dawar da ke ƙarƙashin kaɗanya takan ragu da kusan rabi, ta ƙarƙashin ɗorawa kuwa da wajen kashi 70 cikin 100, saboda inuwa. Manoma sun san wannan tun kafin a auna. Duk da haka sun bar su, domin abin da itacen yake bayarwa ya fi damin da ya hana.

Amfaninsu a gida

Lokacin da suke nuna shi ne babban sirrin darajarsu. Ɗorawa tana nuna da bazara, Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da rumbu ya fara yin ƙasa. Kaɗanya tana biye da ita daga Mayu zuwa Agusta, daidai lokacin noma, sa'ad da aiki ya yi yawa abinci kuwa ya yi kaɗan. Garin ɗorawa rawaya ne mai zaƙi, ana dama shi a sha ko a haɗa da kunu. Naman 'ya'yan kaɗanya ma mai zaƙi ne, mai noma yakan tsinta ya ci a gona ya sami ƙarfi. Gidaje da yawa da waɗannan suke ƙetare watannin yunwa.

Babban amfanin kaɗanya shi ne mai. Mata ne suke fita da asuba su tsinci 'ya'yan da suka faɗo cikin ciyawa, inda macizai suke. Sai a cire naman, a dafa ƙwarar, a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa, sa'an nan a yi ta bugawa da hannu cikin ruwa har man ya taso fari. A kwashe a tafasa, a zuba a ƙwarya ya daskare. Kaɗanya ɗaya takan ba da kilo 15 zuwa 20 na ɗanyun 'ya'ya a shekara, daga ciki a sami kilo 3 ko 4 na busasshiyar ƙwara, kusan rabin nauyinta kuwa mai ne, ko da yake aikin hannu ba ya fitar da shi duka. A ƙasar da babu kwakwar manja, man kaɗanya shi ne na miya da suya, shi ne na fitila da sabulu, shi ake shafa wa jariri da mai targaɗe.

Ɗorawa kuwa gora mai ƙugiya ake sa wa a tsinko ta, ko samari su hau. Bayan an raba gari da kalwa, sai a dafa kalwar yini guda ko fiye har ɓawon ya yi laushi, a surfa, a wanke, a sāke dafawa, a rufe ta da ganye kwana biyu ko uku ta ruɓa. Waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ne suke wannan aiki, su suke ba ta wari da ɗanɗano. Abin da ya fito shi ne daddawa. Fiye da sulusinta abincin gina jiki ne, don haka ga gidan da ba ya ganin nama sai da salla ko Kirsimeti, daddawa ta wuce kayan ƙanshi. Kwanson ma ba a yar da shi. Ana jiƙa shi a sami makuba, wadda ake yayyafa wa daɓe da katanga domin su yi ƙarfi su jure ruwa.

A wajen mallaka ma akwai bambanci. A yawancin ƙasashen wannan yanki, ƙasa ta zuriyar waɗanda suka fara sheme ta ce. Suna iya ba baƙo aron gona, amma ɗorawar da ke ciki takan zauna a hannun mai ƙasa, shi ne mai cewa a tsinka. A ƙasar Dagomba ta Gana har sarauta ake naɗawa domin lura da ɗorawa. Kaɗanyar daji kuwa an fi sake wa mata su tsinta. Baƙo kuma ba a cika yarda ya dasa itace a gonar aro ba, gama dasa itace kamar cewa ne ƙasar tasa ce.

Zamanin fatake

Amfani da kaɗanya ya daɗe ƙwarai. A Kirikongo, yammacin Burkina Faso, masu tonon kufai sun sami ɓawon ƙwarar kaɗanya a gidajen dā, suka bayyana a 2016 cewa mutanen wurin suna sarrafa ta tun wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Almasihu. Ibn Battuta, wanda ya ratsa ƙasar Mali a 1352, ya ba da labarin wani ɗan itace da ake daka ƙwallonsa a fitar da mai, ana girki da shi, ana kunna fitila, ana shafawa, ana kuma haɗa shi da ƙasa a shafe gidaje.

Hausawa sun san ƙasar da ake kira Togo yau ta hanyar fataucin goro. A ƙarni na 18 da na 19 ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato zuwa Gwanja, wato kasuwar Salaga, a ƙarƙashin madugu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi suna a wannan fatauci. Ayari ɗaya yakan kai mutum dubu ko fiye, da jakuna, tafiya da komowa kuwa takan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara. Wata hanya takan bi ta Borgu da Jugu ta ratsa ƙasar Kotokoli, inda unguwar Didaure ta Sokode ta zama mazaunin 'yan kasuwa Musulmi. Wata kuma takan bi ta ƙasar Gurma ta gangaro Sansanin Mango, kudu da Dapaong, ta wuce Yandi. Sunan garin kansa yana ɗauke da kalmar Hausa, wato sansani.

Fatake suna kai kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su komo da goro. Amma mutum dubu sai sun ci abinci a kowane zango, kuma daga matan ƙauyukan hanya suke sayensa. Daddawa da man kaɗanya sun dace da matafiyi, gama ba su da nauyi bisa ga darajarsu, ba su kuma lalacewa da wuri. Man kaɗanya har kaya ne na kansa, ana kai shi Salaga ya wuce ƙasar Asante da bakin teku inda itacen ba ya yi. Akwai shaidar wannan cuɗanya a bakin mutane har wa yau. Bambara suna ce wa daddawa sumbala, Yarabawa suna cewa iru, amma a kasuwannin Gana dawadawa ake kiranta, sunan da aka aro daga Hausa. Yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwarta suka bazu zuwa Kete Karachi da sauran garuruwa, zangunan Hausawa suka ƙaru ko'ina a yankin. Mutanen zango baƙi ne, ba su da itace a gona. Matsayinsu game da kaɗanya da ɗorawa na mai saye da sayarwa ne, su ne suka haɗa mai tsinta da kasuwar nesa.

Zamanin Turawa

Abin mamaki, itatuwan biyu duka sun ɗauki sunan Bature ɗaya a littattafan masana. Mungo Park, mutumin Sikotlan, ya ga kaɗanya a ƙasar Segu a 1796, ya yabi manta a littafin da ya buga a 1799, ya ce yana shekara bai lalace ba ko da babu gishiri. Daga baya aka sa wa itacen suna Butyrospermum parkii, ko da yake yanzu an koma ga tsohon suna Vitellaria paradoxa. A 1826 kuma Robert Brown ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia, cikin bayanin tsire-tsiren da Denham da Clapperton suka kawo daga tafiyarsu ta Barno da Kano da Sakkwato.

Jamus ta kafa mulki a bakin tekun Togo a 1884, ta kafa bariki a Sansanin Mango a 1896, a Sokode kuma bayan shekara biyu. Dokta Kersting, wanda ya riƙe Sokode, ya yi gwajin dashen itatuwa iri-iri, ciki har da tik da aka kawo daga waje. Turawa sun ga man kaɗanya zai yi amfani a masana'antun sabulu da kyandir, amma nisa ya hana. Hanyar jirgin ƙasa daga Lome ta kai kusa da Atakpame a 1911, Faransawa suka ƙara ta zuwa Blitta a 1934, nan ta tsaya, ba ta ko kai Sokode ba. Dapaong kuwa tana da nisan fiye da kilomita 600 daga teku. Kayan da sai an ɗauko a ka kwanaki da yawa ba zai yi riba a Turai ba, saboda haka yawancin man ya ci gaba da zama na kasuwannin gida.

Jamus ta rasa Togo a 1914, mafi yawan ƙasar ya koma hannun Faransa. Dokar daji ta 1935 a ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma ta sa kaɗanya cikin itatuwan da aka hana sarewa ba da izini ba. Togo ta sami tata dokar a 1938, wadda ta zauna har 2008 kafin a sāke ta. Irin wannan doka ta kare manyan itatuwa, amma ta zo da wata illa. Manomi ya ga itacen da ya girma a gonarsa ya zama abin da ma'aikacin daji zai ci shi tara a kai, sai waɗansu suka gwammace su tumɓuke shi tun yana ƙarami.

Bayan samun 'yanci

Togo ta sami mulkin kai ran 27 ga Afrilu 1960. A 1974 aka kafa kamfanin auduga na SOTOCO, noman auduga da garmar shanu suka yaɗu a arewa. Garma ba ta shiri da kututture, saboda haka 'yan tsiron da mai fartanya zai kewaye, mai garma yakan cire su. Jama'a kuma ta ƙaru. Ƙidayar 2010 ta sami mutum fiye da 820,000 a jihar Savanes, ta 2022 ta sami fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari. A dā akan bar gona ta zama saura shekara goma ko fiye, cikin sauran nan ne ƙananan kaɗanya da ɗorawa suke samun sarari su tasa. Da ƙasa ta yi ƙaranci aka daina barin saura, sai ya zamana gonaki suna da tsofaffin itatuwa amma babu 'yan baya. Ga kauci yana cin rassan tsofaffin, ga masu gawayi suna son icen kaɗanya domin ƙarfinsa. Tun 1998 aka sa kaɗanya cikin jerin itatuwan duniya da ke fuskantar barazana.

A wannan zamani ne hanyarsu ta rabu. Kaɗanya ta sami kasuwar duniya. Tun wajen 1960 masana'antun Turai suka gane ana iya sa manta a maimakon man koko. A shekara ta 2000 Tarayyar Turai ta yarda a sa irin waɗannan mayuka har kashi 5 cikin 100 a cakulan, dokar ta fara aiki a 2003. Masu man shafawa ma suka shigo, aka kuma kafa ƙungiyar kaɗanya ta duniya a Akara a 2011. Da neman ƙwarar ya yi yawa har masana'antun gida suka rasa, Burkina Faso da Mali suka hana fitar da ɗanyarta a 2024, Togo da Nijeriya suka ɗauki irin wannan mataki a 2025.

Ɗorawa kuwa ta zauna a gida, a gidan ma ta sami kishiyoyi. Dunƙulen Maggi da makamantansa sun shiga kowace kasuwa, suna da araha, ba su bukatar itacen wuta ko aikin kwana uku. Kalwa ta yi tsada saboda itatuwan sun ragu, mata da yawa a Togo da Nijeriya suka koma yin daddawa da waken suya. Wajen Sokode da Camba manoma sun juya ga dashen yazawa, wadda take fara ba da kuɗi cikin shekara uku ko huɗu. A gabashin Savanes kuma hare-haren 'yan bindiga da suka fara a Nuwamba 2021, har aka sa dokar ta-ɓaci a Yuni 2022, sun raba iyalai da yawa da gonakinsu da itatuwansu.

Abin da ya rage

Gyara yana yiwuwa, kuma bukatun itatuwan ne suke nuna hanyarsa. Ɗorawa tana shukuwa, irinta yana ajiyuwa, wanda ya shuka zai ci da kansa, muddin ya kāre ta daga wuta da awaki shekarun farko. Kaɗanya ta fi son a bar ta inda ta tsiro. A tashar bincike ta Bole a arewacin Gana, da waɗansu wurare, an nuna cewa in aka yi wa ƙaramar kaɗanya aure da reshen babba mai 'ya'ya, tana iya farawa cikin 'yan shekaru maimakon 15. A ƙasar Maraɗi kuma, tun daga 1983, manoma tare da Tony Rinaudo suka raya dabarar da ake kira sassaben zamani, wato a zaɓi tohon kututture a gyara shi a bar shi ya girma cikin gona. Da dokar daji ta yi sauƙi manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai dabarar ta bazu har ta rufe wajen hekta miliyan 5 a Nijar.

Darasin Maraɗi ya shafi Korbongou kai tsaye, gama maganar ta koma kan wanda yake da iko da itacen. Mata ne suke tsinta su dafa su sayar, 'yan zango ne suke kai kayan kasuwa, amma mai ƙasa da mai garma su ne suke yanke shawara ko ɗan tsiro zai rayu. Manyan kaɗanyun da ake tsinta a ƙarƙashinsu yau, waɗansu tun zamanin Jamusawa ko kafin haka aka bar su, waɗanda suka bar su kuwa ba su ga ƙarfin 'ya'yansu ba. Wadda aka bari a daminar 2025, sai wajen 2040 ko 2045 za ta fara 'ya'ya, 'yan matan da ake goyo yanzu su ne za su fita tsintarta da asuba.